Masallacin da Ya Kalli Titi

An yi wani mutum a nan Maradi, a unguwar Zariya, attajiri mai safarar kaya tsakanin nan da ƙetaren iyaka. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma suna nan da ransu, wataƙila ma wasunku sun gaisa da su yau da safe. Mu kira shi Alhaji kawai, tunda alhazai ba su yi ƙaranci a garin nan ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba mashayi ba ne, ba mai neman matan mutane ba ne. Da kun gan shi a sahun gaba da carbi a hannu, da kun ce Allah ya ba ku irin ibadarsa. Ciwonsa guda ɗaya ne, kuma a ɓoye yake: ba ya iya jin an yabi wani a gabansa ya wuni da daɗin rai.

Yana da aboki tun ƙuruciya, ana ce masa Malam Gado. Tare suka tashi a Tibiri, gida na kallon gida. Alhaji ya shigo birni ya yi arziki. Gado ya koma Jiratawa ya kama noman rani, zogala da albasa, abin da zai ci da iyalinsa dai ba ya gagararsa. Amma Allah ya ba shi wani abu da kuɗi ba sa saye. Ya gaji sanin alƙibla daga mahaifinsa. Duk wanda zai gina masallaci, daga Tibiri har Jiratawa, ba ya barin magini ya haƙa tushe sai an kira Gado. Zai zo a kan kekensa da igiya da turaku, ya kafa sanda, ya zauna yana duban inuwarta tun hantsi har rana ta karkata, sannan ya ja igiya ya ce a bi nan. Ko da wayoyi masu nuna alƙibla suka zo, samari suka yi ta gwada aikinsa da su, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ba ya karɓar ko dala. In an matsa masa, sai ya ce a ba shi ruwan alwala.

Wata shekara mutanen unguwarsu a Tibiri suka tashi gina masallaci. Gado ya ja musu igiya, Alhaji ya aika da siminti mota guda. Ranar buɗewa ya zo da babbar riga, aka ba shi wuri kusa da liman. Da liman ya ɗaga hannu, sai ya daɗe yana yi wa Malam Gado addu'a da sunansa, shi da mahaifinsa da ya koya masa. Sannan ya ce, "Da duk waɗanda sunka taimaka, Allah shi saka musu da alheri." Jama'a suka shafa.

Kowa ya tashi da farin ciki ban da mutum ɗaya. Mota guda ta siminti, a jefa shi cikin "waɗanda sunka taimaka", a kira sunan mai igiya?

To ku tsaya mu tambayi kanmu. Simintin nan, wa aka ba? In Allah aka ba, ai Allah ya gani, ba ya bukatar liman ya tuna masa. In kuwa kunnen jama'a aka ba, to a nan ne hasara ta fara. Allah bai halicce mu don a kira sunanmu a lasifika ba. Ya halicci mutum da aljan ne don su bauta masa, shi kaɗai, ko an gani ko ba a gani ba.

Alhaji ya ƙudura a ransa sai ya gina masallacin da za a riƙa kira da sunansa. Yana da fili a gefen gidansa, a bakin titin kwalta, wanda muke ce wa gudron. Ya kira magininsa, wani dattijo mai suna Idirisa, ya ce yana son gini ya bi layin titi daidai, yadda duk mai wucewa zai ga fuskarsa da hasumiyarsa tun daga nesa.

Idirisa ya dubi titi, ya dubi rana, ya ce, "Alhaji, ba a kira Malam Gado ba tukuna? Gudron ga hwa ya karkata kudu ƙwarai."

Alhaji ya sha toka. "Da kuɗina zan yi gini ko da igiyar Gado? Gabas dai ce, kowa ya san inda rana ka hitowa. Ka bi titi."

Magini da ke neman abincin iyalinsa, me zai ce? Ya bi titi.

Labari ya kai Jiratawa. Gado ya bar ban ruwa a tsakiya, ya hau keke ya zo, ba a gayyace shi ba. Bai yi magana a gaban ma'aikata ba. Ya ja abokinsa gefe, ya ce, "Alhaji, don Allah, tun ba a zuba siminti ba. Karkatar ga ba ƙarama ba ce, ba irin wadda malamai ka yahewa ba ce. Wuni guda zai ishe ni. Ba sai kowa ya san na zo ba."

Alhaji ya ce, "Gado, koma wurin zogalarka. Wanga ba naka ba ne."

Ku lura da kyau, ya 'yan uwa. Daga wannan rana ba jahilci ba ne kuma. An gaya masa, kuma ya san wanda ya gaya masa ba ya ƙarya. Da wani baƙo ne daga Zinder ya faɗi maganar nan, wallahi da ya gyara, har ya gode masa. Gaskiyar ba ta yi masa ɗaci ba. Bakin da ta fito ne ya yi masa ɗaci.

Gini ya tashi, kuma ya yi kyau, ba ƙarya. Tayil a bango, fanka a kowane lungu, kafet mai layin sahu da aka yo oda daga waje. Aka naɗa liman, wani malami mai tsoron Allah, Malam Zakariya'u. Ranar buɗewa an kira sunan Alhaji har ya gaji da ji. Ba a ambaci Gado ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi masa duk addu'o'in daɗi.

Ba a yi wata biyu ba, wani direban babbar mota ya tsaya sallar la'asar. Ya ciro wayarsa, ya duba, ya sake dubawa, ya nuna wa na kusa da shi. Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Malam Zakariya'u ya bincika, ya tabbatar. Ya kwantar wa mutane da hankali cewa wanda ya yi salla cikin rashin sani ba shi da laifi, amma daga yau dole a gyara. Ba sai an rushe komai ba. Ya ɗauko igiya, ya ja ta a karkace a kan kafet, aka daidaita sahu da ita.

Washegari Alhaji ya shigo azahar, ya ga igiya kwance a kan kafet ɗinsa. Nan take idonsa ya rufe. "Igiyar Gado har cikin masallacina?" Alhali igiyar shanya ce liman ya kwanto daga gidansa. Gado bai ma san ana yi ba, yana can cikin albasarsa.

Alhaji ya sa aka cire igiyar. Ya ce duk wanda zai yi salla a nan, layin kafet zai bi. Liman ya ce, "Alhaji, ginin naka ne, amma alƙibla ba taka ba ce. Ba ni iya ba mutane salla ina sane da haka." Ya ajiye mabuɗi ya fita. Mutane suka bi bayansa zuwa wani ɗan masallacin laka da ke bayan layi, wanda ko fanka ba shi da ita.

Kuna tsammanin ya farka? Ina! Sai ya fara raba shinkafa ga duk wanda ya yi salla a masallacinsa. Mabukata suka zo, don yunwa ba ta da daɗi. Su bi sahu a karkace, su karɓi mudunsu, su je gida su sake sallarsu. Ya sani, su ma sun san ya sani. Da shinkafar ta tsaya, sahu ya tsaya.

Daga nan sai ya daina zuwa kasuwa. Ya sa a ajiye masa kujera a ƙofar masallaci, yana duban wanda ya wuce shi ya shiga na laka. Duk wanda ya gani, ya ɗauki karan tsana ya ɗora masa. Ya ɓata da abokan cinikinsa na Sabon Gari, mutanen da suka yi shekara ashirin tare, don an gan su a masallacin laka. Ya hana 'yarsa zuwa gida saboda mijinta a can yake salla. Motocinsa suka zauna, masu kawo masa kaya suka koma wurin wasu, har 'ya'yansa suka karɓe ragowar harkar don kada ta mutu gaba ɗaya. Bai damu ba. In an ce masa an kira Gado ya ja igiya a wani ƙauye, ranar ko abinci ba ya ci.

Sau biyar a rana yana shiga wannan ƙaton gini shi kaɗai. Ya kira salla da kansa, ya yi iƙama da kansa, ya tsaya a kan layin da ya san ba shi ne ba. Shekara shida yana haka.

Sai ciwo ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Gado ya zo dubiya da ƙunshin zogala a hannu. Ya zauna a bakin gado, ya ce, "Ɗan uwana, mun tsuhwa. Taku guda ne kawai, ka juya hagu. Ni sai in ce kai ka gano da kanka, in hwaɗi haka ko a gaban wa."

Alhaji ya dube shi. Da bakin da ya karkace ya ce, "In na juya, kai na juya mawa." Ya mai da fuskarsa bango.

Kun ji inda hassada ta kai shi? Mutum ya kai matsayin da in ya tuna Ka'aba, fuskar abokinsa yake gani tsaye a gabanta. Ya fi son ya kauce wa ɗakin Allah da ya fuskanci inda Gado ya nuna. To wa yake bauta wa duk shekarun nan? Ni dai ba zan amsa ba, ku amsa a zukatanku.

Bayan kwana tara ya cika. Ya bar wasiyya cewa a yi masa salla a harabar masallacinsa, kuma aka cika masa. Jama'a suka taru da yawa, don mutanen Maradi ba sa ƙin jana'iza. Malam Zakariya'u ya shige gaba, aka ajiye makara, aka daidaita sahu da alƙibla ta gaskiya. Sai ga ɗaruruwan mutane tsaye sun ba masallacin kafaɗa, su suna kallon wani wuri, ginin yana kallon wani. Duk wanda ya wuce a titi ranar ya gani da idonsa. Gado yana sahun baya, yana kuka kamar yaro.

A maƙabarta masu haƙa ba su tambayi ra'ayinsa ba. Suka kwantar da shi a gefensa na dama, suka juya fuskarsa inda ya ƙi juyawa yana da rai.

Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba mu sani ba, rahamar Allah kuma tana da faɗi. Muna roƙa masa gafara. Amma mu da muke da sauran numfashi, darasin a fili yake. An halicce mu don bauta, kuma bauta ba tsere ba ce tsakaninka da maƙwabcinka. In ɗan uwanka ya fi ka karatu, ko ya fi ka sadaka, ko mutane sun fi son addu'arsa, ba a rage maka komai a wurin Allah ba. Mai hassada a kan dukiya ya yi asarar kwanciyar hankali. Mai hassada a kan ibada ya yi asarar ibadar kanta, ga wahalar alwala, ga ciwon gwiwa, ga hannu wofi.

Kada wani ya ce ai ni ban gina masallaci ba. Kai da ka daina zuwa karatu don an zaɓi wani ya ja baƙi ba kai ba, da kai nake. Ke da kika janye hannunki daga ciyar da marayu don an gode wa wata kafin ke, da ke nake. Kowa ya duba zuciyarsa kafin ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya tambaye ta ina ta dosa.

Ya Allah, ka wanke zukatanmu daga ƙyashi da son a gani. Ka sa mu karɓi gaskiya ko daga bakin wanda ba ma so. Ka juyo da mu gare ka tun muna iya juyawa da ƙafafunmu, kafin ranar da hannuwan wasu za su juya mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.