Muntasir da Aikin da Ya Tsaya a Kashi 64

Akwai wani ɗalibin digiri na uku a Kuala Lumpur, sunansa Muntasir. Kansa na ja, wannan ba a musu. Amma girman kai kam, sai dai a ce Allah ya sawwaƙe.

Jami'arsu a Lembah Pantai take, shi kuwa ya kama gida can Cheras mai nisa, bai cika leƙa makarantar ba. Wai shi ba ƙaramin ɗalibi ba ne da zai riƙa bin bas kullum.

Jami'ar na ba masu bincike wata kwamfuta da ake kira VM. Ba a ganinta da ido, tana cikin manyan injinan makaranta, kai dai ka shige ta daga laftof ɗinka ta intanet. Muntasir daga shagon mamak, wato gidan shayi da abinci, yake shiga tasa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga shayi a gefe.

A wannan zangon malaminsa ya ja masa kunne. Ranar Juma'a zai tsaya gaban kwamiti da sakamakon bincikensa. In babu sakamako babu sa hannu a rahotonsa, in babu sa hannu ba za a sabunta masa biza ba. Bizar kuwa ƙarshen wata za ta mutu.

Lissafin da zai ba shi sakamakon kuwa, kwana uku cur yake ci a VM.

Ranar Litinin Malam Datti ya same shi a shagon. Dattijo ne, malamin kwalejin ilimi daga Gumel, shi ma karatu ya zo. Da yatsa biyu yake buga kwamfuta, amma duk abin da ma'aikatan sashen kwamfuta suka faɗa sai ya rubuta a littafi.

"Muntasir, daga nan za ka saki aikin?" in ji Malam Datti. "Sun ce in kana wajen makaranta, netwok na yankewa aikin ya mutu. Akwai yadda ake tayar da shi ya ci gaba da kansa. Layi biyu ne, ga su nan na rubuta."

Muntasir ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan tebur.

"Haba Baba! Ni za a koya wa kwamfuta daga littafin makaranta? Ka fara gano inda harafin Q yake tukuna."

Malam Datti ya rufe littafinsa. "Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya yi gaba.

Gogan naku ya danna, aiki ya tashi. Kwana biyu yana yawo da laftof a buɗe kamar mai tallar ƙosai, daga Wi-Fi na mamak zuwa na waya, daga na waya zuwa na gida. Ranar Laraba da rana allon ya nuna kashi 64, ya tsaya cak.

Sai ya hau zagin jami'a. Injinansu tsofaffi ne, netwok ɗinsu na ƙauye ne, kowa mai laifi ne ban da shi. Ko a ransa bai kawo cewa ya duba ko aikin na da rai ba.

Alhamis da safe, 64 dai. Nan fa ido ya raina fata. Ya hau jirgin ƙasa sai makaranta, inda sai da ya tambayi mutum uku kafin ya gano ofishin sashen kwamfuta. Wata ma'aikaciya ta duba, ta juyo masa da allo.

"Tun jiya ƙarfe biyu ya mutu. Netwok ɗinka ya yanke, abin da kake kallo tsohon hoto ne."

"A ɗora daga inda ya tsaya mana!"

"Tak boleh lah," ta ce, wato ba zai yiwu ba, tana girgiza kai. "Sai dai daga farko."

Kwana uku ake bukata, shi kuwa kwana ɗaya ya rage masa.

A bakin ƙofa ya ci karo da Malam Datti. Ya gaya masa abin da ya faru. Dattijon ya zaunar da shi, ya tayar masa da aikin yadda ya kamata.

Juma'a ya tsaya gaban kwamiti hannu rabbana. Ya yi ta zuba Turanci, suka bar shi ya gama, sannan suka tambaye shi sakamako. Babu. Wannan ne karo na biyu da ya zo musu haka, malaminsa ya ƙi sa hannu.

Ranar Lahadi aikin ya kammala. Sakamakon ya fito tsaf, babu kuskure ko ɗaya, irin wanda kwamiti ke tafa wa. Muntasir ya zauna yana kallonsa, akwatinsa a buɗe a tsakar ɗaki, yana neman tikitin Kano.

Darasi: Iliminka ba ya hana wanda ka raina sanin abin da kai ba ka sani ba. Minti biyu na sauraro da sun ceci shekara uku na wahala. Ku tura wa duk wanda kuka san yana jin ya fi ƙarfin gyara, ko Allah zai sa ya ji.