Saniyar da Ɓarawo Ba Ya Korewa

Akwai wani dillalin shanu a kasuwar Isa, sunansa Bawa. Shekara talatin yana wannan sana'a. In ya buɗe bakin saniya ya duba haƙori, ya shafa tozo, ya sa aka ja ta ta ɗan taka, to magana ta ƙare, abin da ya faɗa shi ne kuɗinta. Ya iya, wannan ba musu. Matsalarsa dai ba ya barin kowa ya manta da haka.

Akwai wata dabara da wasu dillalai ke yi, Bawa kuwa gwaninta ne. In baƙo ya tsaya kan wani bijimi, sai abokin dillali ya matso ya taya da tsada, wani ma ya ƙara, mai bijimin ya ce albarka. Baƙo ya ga ana rububi, sai ya zuba kuɗi. Tayin ƙarya ke nan. Bawa yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni dai ba a haihi mai yi mini wanga wasa ba."

Wata rana Hajo ta zo wurinsa. Matar marigayi amininsa ce, daga wata ruga kusa da Kamarawa. Ɓarayin daji sun kore mata garke gaba ɗaya, sai shanu biyu da suka tsira don ranar suna ɗaure a gida. Ta dawo Isa da 'ya'yanta huɗu, nonon shanun nan biyu shi ne cinsu, shi ne shansu.

Ta ce, "Bawa, hankalina ba shi kwance. Kullum gani nikai za su dawo su kwashe sauran. Kai ka san dukiya, ka gaya mini yadda za ni yi."

A makon nan kuwa Jamaluddeen, mai shagon waya a bakin tasha, ya nuna wa Bawa wani abu da ake kira NFT. Zanen shanu ne masu launi-launi a cikin waya. Kowace tana da lambarta a wata rajistar intanet da ba a iya gogewa, ana saye ana sayarwa. Jamaluddeen ba macuci ba ne, shi ma ya sayi ƙarama ɗaya yana jiran riba.

Bawa ya ƙura wa wata ja mai ƙahon zinariya ido. Kuɗinta ya ninka sau uku cikin kwana goma. Ba ta cin dusa, ba ta ciwo, kuma ko da bindiga ba mai kore ta. Nan take Hajo ta faɗo masa a rai.

Jamaluddeen ya ce, "Baba Bawa, bari dai mu buɗe tarihin cinikinta, mu ga su wa ka saye."

Bawa ya yi dariya. "Kai za ka koya mini ciniki? Abin da aka rububi kansa haka, ai ya gama faɗin kuɗinai."

Kash! Minti biyu kacal duba tarihin nan zai ci.

Ya je ya ce wa Hajo ta sayar da shanunta a saya mata wannan. Hajo ba ta fahimci komai ba, amma ta yarda da Bawa. Ranar kasuwa ya ja shanunta biyu da hannunsa ya sayar, ko la'ada bai karɓa ba. Ita kuwa ta tsaya nesa, ta juya baya don kada ta ga tafiyarsu. Kuɗin duka aka zuba a jar saniyar cikin waya.

Ba a yi kwana goma ba aka katse layukan waya a yankin saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba intanet. Kowace safiya Hajo takan aiko ko ta zo da kanta ta ce, "Ina labarin saniya?" Bawa ya ce, "Tana nan tana ƙiba." Amma shi kansa bai san halin da take ciki ba, don a karon farko a rayuwarsa ya sayi dabbar da ba shi da ikon zuwa ya duba.

Da abin ya ishe shi, ya hau bayan babur ɗin Jamaluddeen suka wuce Sabon Birni, suka nufi wani tudu kusa da iyaka inda layin Nijar ke kamawa. Rana tsaka, mutane birjik, kowa ya ɗaga waya sama.

Saniyar tana nan, ja wur, ba abin da ya taɓa ta. Sai dai tun ranar da suka saya ba wanda ya sake tayawa.

Bawa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Buɗe tarihin nan."

Bai yi karatun boko sosai ba, amma mutumin da ya shekara talatin yana gane shaidar da ake yi wa shanu a cinya ba ya ɓatan alama. Kowane mai saye yana da doguwar lamba. Bawa ya bi ƙarshen lambobin da yatsa. Wannan ya sayar wa wancan. Wancan ya maido wa wannan da ƙari. Wannan ya sake miƙa wa wancan. Lamba biyu ce tak ke jefa wa juna saniyar, har sau tara. Ta goma ita ce tasa.

Ya zauna a ƙasa daɓas. "Innalillahi! Tayin ƙarya na, Jamalu. Ni na baƙon."

Suka sa ta a kasuwa, suka rage kuɗin zuwa rabi, shiru. Suka sake ragewa, shiru. Har la'asar Bawa yana riƙe da wayar yana jiran ko mutum ɗaya ya taya, ko da tayin wulaƙanci ne. Ba dillalin da zai kama wa riga, ba sarkin kasuwar da zai kai wa ƙara.

Washegari ya je gidan Hajo. Ya same ta tana dama koko tsararo, ba nono, yaran na zaune da kofuna. Turakun nan biyu suna nan a kafe inda shanun suke kwana. Ya faɗa mata komai, bai ɓoye ko ɗaya ba, ya miƙa mata wayar.

Ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta miƙa masa wayarsa ta ce, "Gaskiyarka, Bawa, wagga kam ba mai kore ta. Waɗanda sunka kwashe mini garke da bindiga sunka zo. Kai kuwa da sallama ka shigo."

Ta juya ta ci gaba da zuba wa yaranta koko.

Darasi: Ƙwarewarka a kasuwar da ka sani ba ta sa ka zama gwani a wadda ba ka sani ba. Kafin ka zuba kuɗi a irin waɗannan hotunan intanet, duba su wa ke saye, ka tambayi kanka wa zai saya a hannunka gobe. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, musamman idan dukiyar wani ce aka damƙa maka amana. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila yanzu haka wani yana shirin kwance shanunsa na ƙarshe.