Maigarin Da Ya Hana Gayya

An ce a wani gari wai shi Rafin Gawo an yi wani Maigari, Jatau, wanda kyauta ta yi wa yawa. Da Allah ya buɗa masa, sai ya hana gayya. Yasar rijiya, yaɓen masallaci, sharar maƙabarta, duk sai ya ɗauko 'yan ƙwadago daga birni, wai talakawansa su huta. Suka kuwa huta, har suka ɗauke ƙafa daga ƙofar gidansa. Shekara uku ba a ji gangar gayya ba. Kewa ta ishe shi, ya rasa wanda zai gaya wa.

Ran nan da hantsi yana zaune shi kaɗai a gindin rimi, sai shamuwar da ke sheƙa a sama ta ce, "Ranka ya daɗe, na ga ka rame."

Ya ce, "Begen mutanena nake. Na ɗauke musu wahala, sun guje ni. Ashe alheri ma yana korar mutane?"

Shamuwa ta ce, "Bari in ba ka labarin Ige mai kunu, da na sani a wani gari inda nake yada zango.

"Ige tsohuwa ce, ba ɗa ba jika. Duk ranar gayya sai ta dama kunun tsamiya ƙwarya guda ta kai gona. Kunun ma tsararo ne, amma manoma kan shanye suna tsokanarta, 'Iya, yau ma geron ya yi balaguro ne?' Wata shekara Sarkin Noma ya tausaya mata, ya ce, 'Iya, bar wahalar nan haka, a gidana za a riƙa damawa.' Ige ta sauke ƙwarya ta ce, 'Ɗan nan, zauna ka ji abin da ya sami makaho Nomau.

"'Nomau tufka ce sana'arsa. Duk gugan da ke garinsu da igiyarsa ake ja, kuma kyauta. 'Ya'yansa suka ji kunya, kada a ce sun bar tsoho yana wahala. Suka sayo igiyar roba suka raba wa gari, suka ɓoye masa rama. Tuwo bai yanke masa ba, amma mata suka daina biyowa su ce, Baba, tawa ta tsinke. Bai ga damina ba. Ranar da zai cika, hannunsa yana ta murza a cinya, ba komai a ciki. Sarkin Noma, kunun nan shi ne igiyata. In ka karɓe, wa zai san ina raye?'

"Sarkin Noma ya ɗauki ƙwarya ya kafa kai. To kai, ranka ya daɗe, gari guda ka ɓoye wa rama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da na Maigari ne."

Jatau ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kin yi gaskiya." Ya sa aka kira sanƙira, ya ce a yi shelar gayya ranar Asabar, za a cike zaizayar hanyar kasuwa.

Sanƙira ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, in suka ce tunda ka iya a da, yanzu ma ka iya fa?"

Ya ce, "Ka ce musu Jatau ya gaza. Ka ce roƙo nake."