Sheburin Wibe

A can ƙasar Holan, inda teku ya fi ƙasa tudu, an yi zamanin da babu gari babu tasha, sai fadama da iska da agwagin ruwa. A nan aka yi wani maharbi, Wibe. Maraya ne, wata tsohuwa mai suna Akke ta raine shi da kifi da nonon akuya. An ce mashinsa bai taɓa dawowa a bushe ba, kuma in ya daka wa igiyar ruwa tsawa sai ta ja da baya. Wibe na Akke, dogo mai razana teku!

Shi ya tara masunta gida arba'in suka gina ganuwar laka tsakaninsu da ruwa. Ya yanka wa kowane gida taku ashirin, ya kafa doka: wanda ya kasa gyara nasa ɓangaren, ya soke sheburinsa a wurin. Duk wanda ya zare shi ya gaje gida da gona, mai su kuwa a fitar da shi bayan ganuwa.

Shebur na farko da aka soke na Akke ne, don ƙugunta ya ƙi. Jama'a suka yi cirko-cirko, kowa na kunyar taɓawa. Wibe ya zo ya zare da hannu ɗaya.

"Ɗan nan, ni ce fa," in ji ta.

"Na gane ki, Inna. Ruwa ne bai san ki ba."

Aka fitar da ita da rana tsaka, ruwa na cikowa. Takalminta na katako kaɗai ya dawo.

Gari ya bunƙasa, jiragen ruwa suka fara tsayawa. Cikin shekara talatin Wibe ya zare shebur goma sha ɗaya, ko kai bai taɓa yi masa ciwo ba. To, amma tsufa bai san kirari ba. Wata damina ɓangarensa ya tsage, ya sunkuya zai ɗebi laka, baya ya ƙi miƙewa. Ya soke shebur yana murmushi, don wa zai taɓa na Wibe?

Sai ga babban ɗansa, Yelle, yana naɗe hannun riga.

"Baba, da hannu ɗaya ake yi, ko?"

"Kai, ni na haife ka!"

"Na gane ka sarai, Baba."

Yelle ya zare, aka fitar da Wibe. Daga kan ganuwa mutane suna jin sa yana daka wa ruwa tsawa. Ruwan ya iso gwiwa, ya iso wuya. Yelle ya mayar da sheburin inda ya zaro shi, kuma tun ranar sheburin bai ƙara motsawa ba.

Yana nan bakin tashar jirage. 'Yan yawon buɗe ido in sun gama kallon manyan fankokin niƙa da gonakin furanni, nan suke ƙarewa, kowa ya kama ƙota ya gwada ƙarfinsa. Mutanen garin ba sa taɓawa. Ranar da na je, wani dattijo baƙo na ɗaukar ɗansa hoto, yana ta dariya yana cewa, "Ja da ƙarfi mana, ɗana!"