Jakar Tela a Bayan Tulu

Akwai wani mai sayar da tayoyi da ake kira Tulu, don a da in ya zauna a bencin shagonsa ba mai samun wuri. Da likita ya tsorata shi da hawan jini, maƙwabcinsa Tela ya ja shi ƙungiyarsu ta masu hawan duwatsu.

Farkon shigarsa abin tausayi ne. Taku kaɗan sai ya zube yana haki. Kowa ya wuce, Tela ya tsaya a kansa.

"Tashi, Tulu, dutsen nan ba saukowa zai yi ya gaishe ka ba."

"Ka bar ni in mutu a nan."

"Wa zai ɗauki gawarka? Ka fara ramewa tukuna."

Shekaru suka ja, tumbi ya zube, Tulu ya zama na gaba-gaba. Shi kuma Tela ciwon asma ya matsa masa, har ba ya fita sai da maganin shaƙawa.

Wata rana ƙungiya ta nufi wani dutse mai nisa, can inda hanyar mota ke ƙarewa, waya ma ba ta kamawa. Ba a yi nisa da hawa ba Tela ya fara ja baya. Sai Tulu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kawo jakar nan, tsoho. Yau ranar ramuwa ce."

Ya haɗa da tasa ya goya. Aka tafa masa. Shugaban ƙungiya ya ce to ya tsaya tare da Tela, sauran suka yi gaba.

Sun kusa ƙololuwa Tela ya zauna a kan wani falalen dutse, ƙirjinsa na ƙara.

"Ɗan jira ni, numfashi ya dawo."

Tulu ya ɗaga kai. Ga 'yan ƙungiya can sama suna jeruwa za a ɗauki hoto. Zuciyarsa ta ce: shi da ya fi kowa ƙafa, a yi hoto babu shi?

"Ka huta, yanzu zan dawo. Ga wurin nan kamar in miƙa hannu."

Bai jira amsa ba.

Ku ji inda abin yake. Yana tsakiyar hawa igiyar jaka ta ci masa kafaɗa, sai ya tuna jaka biyu yake ɗauke da su, kuma maganin Tela na cikin ɗaya. Ya tsaya. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama. Kada wani ya ce mantuwa ce. Ya tuna sarai, ya ce a ransa ai ba daɗewa zai yi ba, ya ci gaba.

Wurin da ya gani kusa, sai da ya jiƙe da gumi kafin ya kai.

"Ina Tela?" in ji shugaba.

"Yana hutawa."

Aka yi hoto, Tulu a tsakiya, haƙora waje.

Da suka sauko suka tarar da Tela kwance a gefen dutsen, leɓɓansa sun yi baƙi, duk aljifansa a zazzage. A kafaɗa aka sauko da shi, ana karɓa-karɓa.

Ya rayu. Amma hannunsa na dama ya kama rawa, ko zare ba ya iya zurawa a allura. An rufe keken ɗinkinsa da tsohon zane.

A barandar asibiti Tulu ya miƙa wa matar Tela jakar, yana ta kame-kame. Ta zuge ta, ta ciro maganin, ta juya shi a hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba.

"Baban yara ya ce ya yafe maka," ta ce. "Ni tambaya ɗaya gare ni. Hoton ya yi kyau?"

Tulu ya juya ya bar barandar.

Ba wanda ya kore shi daga ƙungiya. Sai dai in za a tafi ba a gaya masa. Har yau yana hawan duwatsu shi kaɗai, in ya kai sama ya miƙa hannu ya ɗauki kansa hoto.

Darasi: In ka karɓi kayan mutum, ka karɓi amanarsa har ku sauka tare. Taimakon da aka yi don tafi, inda tafin ya ƙare nan yake ƙarewa, kuma wanda ya yarda da kai shi ke kwana a ciki. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani na tsakiyar hawa, bai makara da juyowa ba.