Mai Saurin Hannu da Sabuwar Kwamfuta

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, mai shagon buga takardu a bakin titi. Takardar neman aiki, katin gayyata, tambayoyin jarabawa, duk shi ake kai wa. Ya iya aikinsa, ba zan rage masa ba. Sallah ma ba ta wuce shi. Amma a unguwar ba mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Saurin Hannu ake ce masa, kuma ba don saurin buga rubutu ba.

Yana da wata tsohuwar kwamfutar tebur, akwatinta ƙarfe ne mai kauri, da ƙyar mutum ɗaya ke ɗaga ta. Duk sanda ta tsaya cak, sai ya kai mata mari a gefe. Tas! Sai ta ci gaba da aiki. Shekara goma sha ɗaya yana marinta tana tashi. A nan ya ɗauko mugun karatunsa, wai duk abin da ya ƙi, duka yake nema. Firinta ta riƙe takarda, duka. Ƙofa ta cije, ya sa ƙafa. 'Yarsa ta zubar da shayi, mari. Abin da ya yi wa matarsa kuwa, bakina ba zai faɗe shi a cikin masallaci ba.

Matar ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu. Maƙwabta suka daina zama a bencinsa. Mutum ɗaya tak ya rage masa a duniya, ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran kwamfuta a layin baya. Magidanci ne mai sanyin hali, da mata da 'ya'ya biyu. Shi ke zuwa ba da haƙuri a duk inda yayansa ya yi ɓarna. Mahaifiyarsu ta taɓa kiran Mai Saurin Hannu ɗaki, ta ce, "Babba, ka kori kowa. Ɗan'uwan nan naka kaɗai ya rage maka. Duk wanda za ka ɗaga wa hannu, ban da shi." Ya ce, "Haba Inna, ni mahaukaci ne?"

Ana nan, tsohuwar kwamfuta ta mutu, mutuwar da mari ba ya tayarwa. Suka je kantin sayar da sababbi, shi da ƙanen. Yayan ya nuna wadda ta fi kowacce araha. Ƙanen ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, ya ce, "Yaya, wannan ba ta da ƙwari. Ka ɗan daure mu ɗauki ta kusa da ita." Ya ce, "Sabuwa ce ko ba sabuwa ba ce?" Aka biya kuɗi, aka ɗauko ta.

Tun a hanya jikinsa ya yi sanyi, don kwalin ba nauyi, sai ka ce babu komai a ciki. Da ya fitar da ita a shago, murfin gefen kamar gwangwanin madara, ka danna da babban yatsa ya lotsa, ka saki ya yi ƙwas. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, tana rawa a kan tebur, sai da ya naɗe takarda ya cusa mata. Fankar ciki tana ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Bakin murfin kuwa ko goge shi ba su yi ba, kaifi kamar reza. A ranar farko ya yanke shi a yatsa, jini ya ɗiga a kan takardar wata mata. Ku riƙe wannan, ya san kaifin nan da jikinsa.

Ni ba na wanke masu ƙera irin wannan kaya. Wanda ya rage ƙarfe, ya shafa fenti mai ƙyalli, ya sayar wa talaka, zai tsaya gaban Allah ya yi bayani. An cuci mutumin nan, kuma yana da hakkin ya ji haushi. To amma haushin, a kan wa za a sauke shi?

Rana ta uku da hantsi, wani shugaban makaranta na tsaye yana jiran tambayoyin jarabawarsa. Mai Saurin Hannu ya danna maɓallin kunnawa, maɓallin ya zurma ciki gaba ɗaya, ya bar rami. Me kuke zaton ya yi? Abin da ya saba. Ya zabga mata mari. Murfin ya lotsa ya ɗauki shatin tafinsa, kwamfuta ko motsi ba ta yi ba. Ya ƙara mata. Shugaban makaranta ya tattara takardunsa ya fice, ko sallama bai yi ba.

Mai Saurin Hannu ya fizge wayoyi, ya rungumi kwamfutar, ya nufi layin baya yana zage-zage. Ya dire ta a kan teburin ƙanensa har sukurori suka watse ƙasa. Akwai mutum biyu a shagon suna jiran gyara. Ƙanen ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Zauna." Bai zauna ba. Kaico, da ma ya zauna!

Ƙanen ya kwance sukuru biyu, ya zare murfin gefen, ya miƙa masa. "Riƙe min, Yaya. Ka kula da bakin, yana yanka." Ya leƙa ciki. Ashe wata 'yar roba ce da ke riƙe da maɓallin ta karye. Ya ɗaure ta da siririyar waya, ya haɗa allo, ya danna. Aikin minti biyu. Yana sunkuye ya yi murmushi, ya ce, "Amma Yaya, wannan ba irin tsohuwar ba ce, ba ta ɗaukar mari. Ga shatin hannunka nan. Ai na gaya maka tun a kanti."

Mutanen nan biyu suka yi dariya. Na ga wasunku ma suna yi. Ku yi, saura kaɗan.

Hannun bai nemi shawararsa ba. Ya ɗaga murfin da hannu biyu ya sheme ƙanensa da shi, kuma da bakin ya same shi, a gefen wuya. Fatar ta dare. Jini ya yi tsartuwa har kan allo, har bango, har fuskar wanda ya yi dukan. Ƙanen ya dafe wurin, jinin na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa. Ya ɗago ya dubi yayansa, ba da fushi ba, da mamaki. Ya ce, "Yaya?" Sai ya zube a cikin wayoyi, ƙafarsa na shure-shure tana dukan ƙafar tebur.

Mai Saurin Hannu ya yar da murfin, ya cire rigarsa ya danna a wuyan yana ihu, "Tashi! Don Allah tashi!" Rigar ta jiƙe sharkaf. Aka tare mota aka saka ƙanen. Kafin su kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa, kansa na kan cinyar wanda ya kashe shi.

'Yan sanda suka zo, alƙali ya yanke wa yayan hukuncin ɗauri, aka rufe shaguna biyu. Yara biyu suka zama marayu. Mahaifiyar ta rasa 'ya'ya biyu a hantsi ɗaya, kuma har ta koma ga Allah ba ta taka gidan yarin nan ba.

Ni na ga Mai Saurin Hannu da idona, lokacin da muke zuwa yi wa fursunoni wa'azi. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Yana zaune a kan hannunsa na dama, haka yake wuni. Da muka tashi ya riƙo bakin rigata da hagu, ya ce, "Malam, ta tashi fa. Ina danne masa wuya, na ɗaga kai na ga allon ya kawo haske, fankar tana ƙara. Ya riga ya gyara min ita."

Ya 'yan uwa, kwamfuta marar ƙwari ba ta kashe kowa ba. Hannun da aka shekara goma sha ɗaya ana koya wa duka shi ya yi kisa. Kai da kake buga waya da ƙasa in ta ƙi, kai da kake harbin ƙofa, kai da 'ya'yanka ke shigewa ɗaki in sun ji tarinka, da kai nake. Kana cewa ai ka san inda za ka tsaya? Shi ma haka ya ce wa mahaifiyarsa. In fushi ya taso maka, ajiye abin da ke hannunka tukuna. Ka nemi tsarin Allah, ka zauna, ka je ka yi alwala. Kayan da ya lalace ana gyarawa ko a sake wani, ƙaninka kuwa ba a sayar da shi a kanti.

Ya Allah, ka riƙe mana hannayenmu a ranar da muka kasa riƙe su. Ka jiƙan wanda ya mutu, ka duba marayunsa, ka karɓi tuban wanda ya rage. Allah ya kiyaye mu da sharrin zuciyarmu. Amin.