Akwatin Wasiƙun da Ba a Aika Ba

A wani zamani mai nisa, lokacin da mutum da aljani ke gaisawa a kan hanya, an yi birnin Zahrawan, wanda duk ruwansa daga ido guda yake ɓuɓɓugowa, idon kuwa yana hannun Sarkin Aljanu Barƙiyan, aminin gidan sarautar birnin. Ranar da ɗan Barƙiyan ya rasu yana kare ƙofar birnin daga mahara, Sarki Haddadu ya yi abin da ya gada: ya sa magatakarda ya rubuta ta'aziyya, layi goma sha ɗaya na kirarin sarki, layi ɗaya na gaisuwar mutuwa, aka buga hatimi. Barƙiyan ya karanta, ya toshe idon ruwan.

Al'adar gidan kuwa, kowace magana wasiƙa biyu ake yi mata: ta fada, wadda magatakarda ke rubutawa a aika, da ta ɗaka, wadda sarki ke rubutawa da hannunsa ya jefa a akwati, ba mai gani. Shekara sittin ana aika wa Barƙiyan ta fada, yau barazana, gobe gori, rijiyoyi kuma na ƙafewa ɗaya bayan ɗaya har saura bakwai. Girman kai dai ba a shan sa, amma su sun gwada.

Da tsufa ya cim ma Sarki Nu'umanu ɗan Haddadu, sai ya miƙa wa ɗansa Yarima Sinanu wata sabuwar wasiƙar fada ya kai, ko dubansa bai yi ba. Sinanu ya gaji da ganin mata suna komowa da tuluna wayam, saboda haka ya saci akwatin ɗaka ya ɗaura wa raƙuminsa, alhali ya san hukuncin wanda ya fitar da shi: ba sarauta, ba komowa gida.

Kwana arba'in ya yi yana keta Saharar Gishiri, ya ratsa birnin matsafa masu ɗure iska a tulu, ya wuce kurmin da itatuwansa ke kiran matafiyi da muryar uwarsa, ya yi gaba da gaba da macijin tagulla mai kai uku ya sare kawunan, ba don neman suna ba, don dai ya tare masa hanya ne. Kowane zango sai ya buɗe akwatin ya karanta.

Ya iske Barƙiyan bisa karagar zumurrudu, wasiƙun fada jibge a bayansa har rufi, 'yarsa Gimbiya Rumaisa'u na gefe, don ita ke karanta masa tun da idonsa ya yi rauni.

Barƙiyan ya ce, "Ya kai jikan Haddadu, ajiye wasiƙar can kan 'yan'uwanta, na san abin da ke ciki. Ko takobi za ka zare? To zare mu gama, wallahi na gaji."

Sinanu ya durƙusa, ya ajiye akwatin a gabansa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ma a gajiye nake. Kai aminin kakana ne, kaka na ɗauke ka. Ga saƙon da ya makara shekara sittin."

Rumaisa'u ta zaro takarda ta farko, ta rubutun hannun Haddadu, ta karanta: "Barƙiyan, yaronka a kan cinyata ya cika. Ya nemi ruwa, na ba shi. Kunya ta hana ni zuwa in dube ka. Ka yafe mini." Sau arba'in da ɗaya Haddadu ya rubuta wannan magana kafin ya mutu. Ta Nu'umanu kuwa layi guda ce: "Baba Barƙiyan, ban san yadda ake ba da haƙuri ba, ba a koya mini ba."

Hawaye suka jiƙa gemun tsohon aljanin. Can ya ce, "Shekara sittin abin da nake son sani ke nan, ko an ba shi ruwa." Nan take ya ba da umarni a buɗe idon, ya kuma ɗaura wa Sinanu aure da Rumaisa'u, wadda dama ta ƙosa da karanta gori.

Sinanu ya juyo da niyyar ya tsaya bakin ganuwa ya ga ruwan da idonsa, sannan ya yi gaba, tunda korarre ne. Sai ya tarar da Waziri a ƙofar gari riƙe da rawani. Sarki Nu'umanu ya rasu kwana uku kafin ruwan ya iso.

Waziri ya miƙo masa takarda ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan cewa ya yi a ba ka hannu da hannu."

Rubutun mahaifinsa ne, duk ya karkace: "Sinanu, ni na sallami masu gadin akwatin ranar da za ka tashi. Na daɗe ina jiran wanda zai sace shi. Na so in gaya maka da baki, to ka dai san gidanmu."

Aka naɗa shi, tambura na tashi, yara na iyo a magudanai. Shi kuwa yana zaune da takardar a hannu, baƙin ciki ya cika shi, ga amsa fal a bakinsa, ba wanda zai aika wa.